Ranar da Kyaftin Ya Yi wa Madubansa Wanka

"Wai ni kam, Kyaftin ɗin nan ya taɓa shiga jirgin ruwa kuwa?"

Amarya tana shanya a bayan katanga ta ji Mai Wanki ya yi wa Hedimasta wannan tambaya. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu tana jiran amsa, don ita ma shekararta ɗaya da wata biyu a gidan Kyaftin tana son ta sani, kunya ta hana ta tambaya.

"Ya taɓa," in ji Hedimasta. "Kwalekwale, sau ɗaya. Ni na riƙe masa kai yana amai."

Ta cusa bakin mayafi a baki don kada dariyarta ta tsallaka katanga.

Kyaftin dai mijinta ne, tela. Shagonsa yana ƙasan benen da suke zaune, su suna hawa na biyu, ƙofarsu tana kallon ta Gwaggonsa. Sunan kuwa ya samo shi ne daga madubin hangen nesa mai ido biyu da ba ya rabuwa da wuyansa, ko awon wando zai yi wa mutum. Goma sha ɗaya gare shi, duk tsofaffi, ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya a kasuwar tsofaffin kaya, ya jera su a kan katako saman keken ɗinki. Akwai mai jikin tagulla da ya yi kore a gefe, akwai wanda aka lulluɓe da baƙar fata mai warin tsohon akwati, akwai wani ƙato da sai an sa hannu biyu, akwai wani ɗan mitsitsi mai ado da farin kwanso. Kowanne da tarihinsa, kuma tarihin yana ƙara tsawo duk mako. Ƙaton nan, da Amarya ta zo gidan, na wani mai kamun kifi ne. Yanzu ya zama na babban kwamandan da ya hango jiragen abokan gaba tun suna kwana biyu kafin su iso.

Gaskiya kuwa kayan suna da kyau. Hedimasta, wanda tun da ya ajiye aiki ya mai da bencin shagon ofishinsa, yakan ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya karanta baƙin rubutun da ke kafaɗarsa, ya ce irin wannan aiki an daina yinsa.

Akwai na goma sha biyu, amma ba ya kan katako. Yana ƙasan akwatin Amarya, a naɗe cikin tsohon rawani. Na mahaifinta ne, marigayi, wanda ya yi shekara ashirin yana gadin daji a saman hasumiya yana duba hayaƙin gobara. Baƙi ne, mai nauyi, fentin ya goge daidai inda manyan yatsunsa suke zama. Abin da ya rage mata na hannunsa ke nan. Ta sha ganinsa yana goge shi: ya hura masa numfashi, ya shafa da lallausan ƙyalle, shi ke nan. Bai taɓa kwance masa ko kusa ɗaya ba.

Ranar Litinin ta sauko da abincin rana ta tarar Kyaftin a tsaye bakin shago yana jawabi.

"Duk wanda ya je filin ƙwallon nan ranar Asabar ya sha rana da ture-ture, shi ya so. Saman benen nan yana kallon fili ta gefen da katanga ta yi ƙasa. Ga kujera, ga rumfa, ga madubi. Za ku ga gumin da ke goshin alƙalin wasa, ku ƙirga shi in kuna so."

Wasan ƙarshe ne, 'yan unguwarsu da 'yan ƙetaren gada. Mai Wanki ya fi kowa murna, don ƙaninsa, wanda ake kira Guguwa, shi ne mai cin ƙwallon unguwa, shi kuma Mai Wanki an hana shi shiga fili tun ranar da ya jefi alƙalin wasa da takalmi.

"Kyaftin, in ka yi mana wannan, wankin shekara na ɗauke maka."

"Ba don lada nake yi ba. Ilimi ne nake son ya yaɗu."

Hedimasta ya ɗauki mai jikin tagulla ya kara a ido ya duba ƙarshen layi. "Garau. Akwai ɗan hazo a gefe, amma na tsufa ne, ba ya hana komai."

Kyaftin ya juyo a hankali. "Hazo? A madubina?"

"Kaɗan ne, na ce."

"Kafin Asabar duk zan buɗe su in yi musu wanka."

"Kar ka soma. Masu yinsu da awo suka zaunar da gilasan nan."

"Awo?" Kyaftin ya kama tef ɗin da ke wuyansa ya girgiza. "Ni za a gaya wa awo? Shekara goma sha biyar ina auna mutane masu tumbi da masu doro, madubi ne zai gagare ni?"

Da yamma ya hau sama yana murza hannu. "Amarya, fito min da na Baba, Allah ya jiƙansa, a haɗa shi a wankan."

Ita ba ta iya ce wa mutum a'a, ko mai tallan da ya kawo mata ruɓaɓɓen tumatir ne. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta, can ta ce, "Teburinka zai ɗauke su duka kuwa, Maigida? Da an bar shi ya zama na ƙarshe, in hannu ya faɗa."

Ya shafa gemu. "Abin da nake shirin faɗa ke nan. Na ƙarshe. Kin ga amfanin zama da mai tunani, har kin fara ɗauka."

Talata da safe ya share teburin yanka, ya tura yadukan mutane cikin babban kwandon da ke lungu, ya ɗauko sukudireban keken ɗinki. Amarya ta zaci ɗaya zai buɗe, ya gama, ya rufe, ya ɗauki na biyu. Ashe ta manta wa ta aura.

"Tela na ƙwarai ba ya yanka riga ɗaya ya hau keke," ya gaya wa Hedimasta. "Yankawa yake yi duka, ya ware hannu gefe, wuya gefe, sannan ya zauna ɗinki. Haka aiki yake sauri."

"Riga ke nan."

"Aiki duk aiki ne, ranka ya daɗe."

Kafin azahar goma sha ɗayan nan sun zama tarkace. Kusoshi duka a gwangwanin maɓallai, manya da ƙanana. Gilasan gaba a faranti ɗaya, na baya a wani. A cikin kowane madubi ya tarar da wasu dunƙulen gilasai masu kusurwa uku, ya raɗa musu suna ƙoda, ya zuba su a baho, arba'in da huɗu cif. Amarya tana tsaye da kwanon abinci ta lura cewa ƙarƙashin kusan kowace ƙoda akwai wata 'yar takarda siririya, wata kamar ƙwayar gero, wata ta farin ƙarfe. Kyaftin yana kankare su da farce yana hurewa ƙasa.

"Ko suna da amfani?" ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Amfanin datti? Dubi ƙazantar masu yi, sun gama aiki ba su share ba. Kawo min garin sabulu."

Laraba aka yi wanka. Ya jiƙa ƙodojin a ruwan kumfa a tsakar gida, ya ɗauraye manyan gilasan gaba, ya ce rana ce za ta busar da su. Da ya rasa abin shimfiɗa mai tsabta sai ya jawo wani farin yadi daga saman kwando, ya baza a kan benci, ya jingina gilasan a jikin katako suna kallon rana. Yadin Hedimasta ne, mako uku ke nan yana jiran a ɗinka masa. Kyaftin ya koma bakin shago yana ba mutane labarin yadda ake wanke madubi a jirgin yaƙi.

Amarya ce ta fara jin ƙauri. Ta leƙo ta taga ta ga ɗigon haske huɗu a jikin yadin, kowanne yana fitar da siririn hayaƙi. Ta buɗe baki ta kira, muryar ba ta fita ba sai a karo na uku. Gwaggo kuwa ba ta da wannan matsala.

"Gobara! Jama'a, gobara!"

Ta sauko da gudun da ba a san tana da shi ba, ta suri abin da ta fara gani mai ruwa, ta watsa. Bahon ƙoda ne. Arba'in da huɗun nan suka tashi sama suna walƙiya, suka zubo a siminti, wasu suka bi kwata, wasu suka shige ƙarƙashin tulin itace.

Kyaftin ya shigo ya tsaya, hannu a ka. "Gwaggo! Kin san abin da kika zubar?"

"Ruwan wanke-wanke. Ka gode Allah da ban bari gidan ya cinye ba."

"Ƙodojina ne!"

"Naka suna cikinka, ja'iri. Tun kana yaro haka kake, agogon mijina ka kwance, har ya koma ga Allah bai sake sanin ƙarfe nawa ba."

Har la'asar ana tsinta. An samu arba'in da ɗaya, biyu da tsaguwa a baki, uku kuwa kwata ta tafi da su. Kyaftin ya ninke yadin Hedimasta ta yadda hujojin suka shige ciki, ya cusa shi can ƙasan kwando, ya roƙi Gwaggo ta rufa asiri.

Alhamis ya zauna ɗinki, kamar yadda ya kira abin. Nan ne ya gano cewa ƙodar wannan ba ta shiga gidan wancan. Wadda ta yi sako-sako ya cusa mata ƙyalle. Wadda ta yi tsauri ya buga mata gindin almakashi. Inda kusa ta ƙi kamawa ya naɗe da zare ya ɗiga gam. Duk abin da yake murɗawa kuma ya ba shi man keke har yana ɗiga. Masu ɗinki suna zuwa suna tambayar kayansu, yana nuna kwando da haɓa ba tare da ya ɗago ba.

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

"To ka ga ban canja magana ba."

Da ya gama, gwangwanin maɓallai yana nan da rabin kusoshinsa. Hedimasta ya leƙa ciki ya ce, "Waɗannan fa?"

"Rara ce. Kowane ɗinki yana barin ƙyalle."

Juma'a ya hau sama yana lissafi da yatsu. "Amarya, ƙoda uku suka rage min. Na Baba yana da huɗu lafiyayyu a ciki. Aro zan yi, bayan wasa in mayar. Bari in sha ruwa in zo."

Bai san ta riga shi ba. Tun da ta ga bahon nan ya tashi sama ta san ranar tana zuwa. Ta yi ta tunanin wurin da hannun mijinta ba ya zuwa a gidan nan. Ƙarƙashin gado yana ajiye takalma. Saman kabad yana ɓoye alewa. Kicin yana shiga ɗanɗana miya. Sai da safiyar nan, tana sharar shago kafin ya sauko, ta dubi kwandon ɗinkin mutane, wanda ya cika har ya yi tozo, ta ce a ranta, ga shi nan. Ta zura madubin da rawaninsa har tsakiya.

Kyaftin ya zazzage akwatinta. Ya ɗaga katifa. Ya zura hannu a buhun shinkafa har kafaɗa.

"Ina kika kai shi?"

"Na ajiye shi inda ba a taɓawa," ta ce, idonta a ƙasa.

"Ina ne nan?"

Ya ƙara tambaya da ƙarfi, sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Kai, rabu da 'yar mutane. Ka cika ta da ihu ta ruɗe, ta ina za ta tuna? Ni ma da ihunka na manta inda na sa carbina."

"Gwaggo, ƙoda uku..."

"Je ka wurin mahauci."

Ya sauka yana gunaguni cewa masana ba sa samun goyon baya a gidajensu. Amarya ta ji shi yana ta ƙwanƙwasa wani abu a shago har magariba.

Asabar da la'asar saman bene ya cika. Mutum ya fi ashirin, kujeru na aro, rumfar yadi da aka ɗaure a jikin tankin ruwa. Hedimasta a gaba, Mai Wanki kusa da shi yana ta karkaɗa ƙafa, Gwaggo a gefe da matan gidan. Amarya ta tsaya bakin matakala da butar ruwan sanyi, inda ba wanda zai kalle ta. Can nesa fili ya yi baƙi da mutane, 'yan wasa kamar tururuwa, 'yan unguwa da jar riga, 'yan ƙetaren gada da fara.

Kyaftin ya fito da farar hula da ya ɗinka wa kansa, ƙaton madubin kwamanda a wuya. Ya raba sauran goman, ya ce a riƙa karɓa-karɓa, ya gargaɗi kowa kada haske ya firgita shi. Aka busa usur.

Masu madubi suka kara a ido.

"Kyaftin," in ji Mai Wanki, "su nawa ne a fili?"

"Sha ɗaya sha ɗaya mana."

"Ni dai Guguwa biyu nake gani. Ɗaya yana kan ɗaya."

"Gudu ne. Saurinsa ne ya raba shi biyu."

"A tsaye yake. Ƙwallon ma biyu ce. Wacce zan bi?"

"Bi ta ƙasa."

Hedimasta kuwa kansa yana ta karkacewa hagu a hankali. Filinsa ya jirkice kamar faranti da za a zubar da abin da ke ciki, yana bin sa da wuya don ya daidaita. Ya bi, ya bi, har kujerar ta gaji ta tafi da shi. Aka ɗaga shi ana sannu.

"A nawa duk 'yan wasan gangara suke hawa," ya ce yana kakkaɓe riga. "Wanda ya ci ƙwallo a filin nan ya cancanci lambar yabo."

Mai gyaran takalmi ya ce shi idonsa na dama yana fili, na hagu yana kan wata mata da ke kwashe shanya a wata unguwa. Wani ya ce shi ruwan sama ake yi a nasa. Wani ya murza tayar tsakiya don ya gyara gani, gilashin gaba ya fice, ya gangara, ya faɗa ƙasa, aka ji mai sayar da lemo yana tambayar wane ɗan albarka ne.

Sai Gwaggo ta ƙwala ihu. "Maciji! Maciji a fili! Ya kwanta tun daga raga har tsakiya, yara suna tsallaka shi!"

Matan suka miƙe. Hedimasta ya karɓi madubin ya duba. "Zare ne, Gwaggo. Baƙi, na ɗinkin wando."

Da mutane suka fara sauke madubai don su huta da jiri, sai aka ga kowa ya yi zobe biyu baƙi ƙirin a ido, man keke da tsohuwar tsatsa. Mai Wanki ya dubi Hedimasta ya fashe da dariya, Hedimasta ya dube shi ya ce ai sai ya fara neman madubin fuska. Amarya ta juya baya tana zuba ruwa a kofin da ya riga ya cika.

"Idanunku ne ba su saba ba," in ji Kyaftin. "Ku ajiye, ni zan ba ku labari. Nawa garau yake."

Ya hau kan bulo, ya kara ƙaton a ido, ya fara. Kai, ranar ya nuna baiwa. Guguwa ya karɓa, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya ɗaga ta saman na uku. Mai tsaron gidan ƙetaren gada yana rawar sanyi, ga haƙoransa nan suna haɗuwa. Alƙalin wasa yana da tabo a kunnen hagu. Mutane suka matso, suka manta da ciwon kai. Har aka tafi hutu aka dawo yana zuba, Mai Wanki yana dukan kafaɗar duk wanda ke kusa.

Can sai fili ya ɗauki ihu.

"Ta shiga!" Kyaftin ya daka tsalle. "Guguwa! Ƙafar hagu, ta kusurwar sama!"

Saman bene ya kaure. Mai Wanki ya ɗaga Kyaftin sama ya juya da shi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Hedimasta kaɗai ya tsaya bakin katanga, hannu a goshi, yana duba fili da idon da Allah ya ba shi.

"To me ya sa masu farar riga ne suke rungume juna?"

Kowa ya juyo ya dubi Kyaftin.

"Baƙin ciki ne," in ji Kyaftin. "Ta'aziyya suke yi wa juna."

"Da tsalle? Ba ni madubin nan."

"Ba a saba da shi ba, zai iya..."

Mai Wanki ya zare igiyar daga wuyan Kyaftin ya miƙa. Hedimasta ya kara a ido. Ya daɗe. Ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. Ya sauke, ya juya madubin ya girgiza, wani abu ya yi ƙara a ciki.

"Dama duhu ne. Hagu duhu ne da 'yan hujoji huɗu." Ya murɗe gilashin gaba da hannu, ya zazzage a tafinsa. Ƙaton maɓallin kwat ne ya faɗo, da ƙyalle a bayansa.

"Wucin gadi ne," in ji Kyaftin.

"Tun ɗazu maɓalli kake kallo kana ba mu labari?" in ji Mai Wanki. "Tabon kunnen alƙalin wasa fa?"

"Na san shi tun da."

"An ci mu, na ɗaga ka sama ina juyi!"

"Ni dai tun ranar da ya ƙona yadin Hedimasta na san ba za a ƙare lafiya ba," in ji Gwaggo, sannan ta kama baki.

Hedimasta ya juyo da zobensa biyu. "Yadin wa?"

"Huji huɗu ne kawai," Kyaftin ya ja da baya. "In aka zagaye su da surfani sai an zo ana tambayar inda ka samu."

"Jama'a," in ji mai gyaran takalmi, "duk mai yadi a kwandon nan ya je ya ɗauki abinsa kafin a yi masa wanka."

Amarya ba ta san lokacin da ta ajiye buta ba. Ita da ko tafiya ba ta yi da ƙarfi a gaban mutane, sai ga ta tana tsallake matakala bibbiyu. In aka zazzage kwandon nan a gaban Kyaftin, to madubin zai faɗo a siminti, in ma bai fashe ba ya shiga hannun mai neman ƙoda. Ta faɗa shago ta ƙofar ciki, ta nutsa hannu biyu cikin yaduka. Shadda, atamfa, wandon makaranta, rigar wani da aka yanka tun bara. Ƙafafu suna ta dukan matakala a samanta. Yatsunta suka taɓa rawani. Ta fizgo, ta cusa ƙarƙashin mayafi, ta fita daidai lokacin da Mai Wanki ya sako kai.

"Sannu Amarya, ba da ke muke ba."

"Sannunku," ta ce, ta raɓa bango.

Babbar matakala ta cika da masu saukowa, sai ta bi ta baya, wadda ake ajiye tsofaffin bokitai, ta tsaya a kwanar da ke tsakanin hawa na biyu da na uku tana haki. Daga ƙasa tana jin ana rabon yadi, Hedimasta yana ƙirga hujoji ya kai bakwai, Kyaftin yana cewa ninki ne ya ƙara su.

A kwanar akwai wata 'yar taga marar murfi. Tana kallon fili.

Amarya ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Ba kowa. Ta warware rawanin, ta hura wa gilasan numfashi, ta shafa, ta kara a ido, ta murza tayar tsakiya kaɗan.

Filin ya taso ya zauna a gabanta. Ciyawa ɗaya-ɗaya, farin layi, igiyar takalmin mai tsaron gida da ta kwance. Ta ga allon da ake rataya sakamako, ɗaya da ɗaya, ashe 'yan unguwa sun rama ana cikin rigimar maɓalli. Ta ga alƙalin wasa yana duba agogo, kunnuwansa biyu lafiya lau. Aka ba masu jar riga bugun kusurwa. Ƙwallo ta taso, mutum shida suka yi sama, Guguwa a tsakiyarsu. Kansa bai kai ba, saura kamar taƙi guda. Sai ta ga ya ɗaga dunƙulen hannunsa daidai kunne, ya ɗan tura ta, ta faɗa raga. Alƙalin wasa yana bayan wani dogo. Ya busa, ya nuna tsakiya.

Ihun da ya taso har tagar ta ji shi. Masu farar riga suka kewaye alƙalin suna dukan hannuwansu, bai saurare su ba. Bai fi minti biyu ba ya tashi wasa.

Kafin magariba layin ya cika maƙil. An ɗauko Guguwa a kafaɗa, ana kiɗa da bokitai. Mai Wanki yana kuka yana dariya, zoben idonsa ya zubo har kumatu. Wasu 'yan ƙetaren gada da suka biyo ta bakin titi suna ihu cewa hannu ne, ana mayar musu cewa kai ne, baƙin ciki ne yake damunsu. Kyaftin, wanda ɗazu ya maƙale bayan keken ɗinki, ya fito ya hau benci da farar hularsa.

"Kai ne! Ni na gani! Goshi, ɓangaren dama!"

"Da maɓallin ka gani?" in ji Hedimasta, yadinsa a hammata.

"Ta hujin sama na hagu."

Murna ta sa aka yi dariya aka ƙyale shi.

Da ya hau sama cin abinci bai ko wanke man idonsa ba. Ya zauna yana kwatanta mata yadda Guguwa ya tashi, yadda ya lanƙwasa wuya, har ya kusa kifar da kwano.

"Kin yi asarar kallo, Amarya. Ba komai, baɗi zan gyara su sosai, yanzu na gane kansu. Ki dai yi ƙoƙari ki tuna inda kika sa na Baba."

"To," ta ce, ta ƙara masa miya.

Madubin yana ƙasan jakar da za ta kai wa Innarta gobe da safe, a can zai zauna. Maganar hannun kuwa ta zo mata har bakin harshe, don ba ta taɓa riƙe labari mai daɗi irin wannan ba. Amma in ta ce ta gani, za a ce da me. Ta dubi mijinta yana ta nuna goshinsa da cokali, ta yanke a ranta cewa ba wanda zai ji, ko Gwaggo, ko Innar ma. Kai ne, ɓangaren dama.